Ban taɓa mallakar babur ba, in sayi R6 na hannu?

“Salamu alaikum Yaya. Shekarata 25, ina aiki a Kano. Ban taɓa mallakar babur nawa na kaina ba, amma nakan ari Boksar ƙanin babana in je aike, kuma ban taɓa faɗuwa ba. Yanzu wani dillali ya nuna mini Yamaha R6 ƙirar 2008, ɗan Beljiyam, fenti fes, kuma kuɗinsa bai kai na sabon babur mai inji 400 ba. Abokaina sun ce in na sayi ƙarami wata uku zan gaji da shi, gara in ɗauki babban tun yanzu in riƙa binsa a hankali. Ni ba mai ganganci ba ne. Me ka gani?”

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka sau biyu, domin kusan maganar da na yi wa kaina ce shekarun baya, kafin kwalta ta koya mini abin da manya suka faɗa na ƙi ji. Abin da kake son sani shi ne ko natsuwa za ta iya tsaya maka a madadin ƙwarewa a kan babur irin R6, da kuma ko arahar da ka gani ta gaske ce. Duka biyun amsata a'a ce, kar ka saye shi yanzu. Na yarda kai ba mai ganganci ba ne, sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. Na fi shekara goma sha biyar ina hawan babura ina gyara su, kuma yawancin sababbin mahayan da aka kawo mini baburansu a bayan a-kori-kura ba masu ɗaga taya a gidan biki ba ne. Masu hankali ne irinka, waɗanda hannunsu ya aikata abin da ba su sa shi ba.

## Wane irin babur ne wannan

Yamaha ta fara fito da R6 a 1999, kuma da filin tsere a zuciya aka tsara shi, a ajin babura masu inji 600. Kusan a ce fitila da madubi da wurin lamba kawai aka ƙara masa don doka ta bar shi ya hau titi. Ƙirar 2008 da aka nuna maka silinda huɗu gare ta, tana ba da ƙarfin doki sama da 120 idan inji ya kai juyi 14,500 a minti ɗaya. Boksa mai inji 100 da ka saba hawa ƙarfin doki 8 ne da ita. Wato Boksa goma sha biyar aka ɗura a cikin babur ɗaya, wanda nauyinsa har da mai a tanki bai wuce kilo 190 ba. A giyar farko kaɗai yana haura gudun kilomita 100, kuma daga tsaye zuwa 100 ɗin ba ya cin daƙiƙa huɗu. Sauran giya biyar suna nan suna jiranka.

Abin da ya fi yaudarar sabon mahayi shi ne halin injin. Muddin allurar juyi tana ƙasa da 7,000, R6 lafiyayye ne kamar rago, har ka ce ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan. Sai ka saki jiki. Ranar da ka ɗan ƙara murɗa totur don ka wuce wata tirela, allura ta tsallake 10,000, sai ka ji wani babur dabam ya farka a ƙarƙashinka. Ƙarfin ba a shimfiɗe yake ba, a sama aka tara shi, yana zuwa kamar an ɓalle madatsar ruwa.

Kuma kar lambar inji ta ruɗe ka, domin ba ita ce ma'auni ba. Suzuki SV650 ya fi R6 girman inji a takarda, amma ƙarfinsa doki 70 ne da 'yan kai, kuma a hankali yake bayar da shi tun daga ƙasa.

## Maganar “zan bi shi a hankali”

Wannan ita ce maganar da kowa yake yi, kuma da gaske yake yinta. Matsalar ita ce niyya tana aiki ne lokacin da kake da sararin tunani. Haɗari kuwa ba ya ba da wannan sararin. Abin da yake aiki a lokacin firgita shi ne abin da hannu ya haddace, kuma hannunka bai haddace komai ba tukuna sai halin Boksa.

Ɗauki totur. A kan R6 a kife kake, nauyin ƙirjinka yana kan wuyan hannunka, gwiwoyinka a naɗe. Ƙwararre da cinyoyinsa yake riƙe tanki, hannunsa a sake. Sabon mahayi kuwa da kan babur yake riƙe jikinsa gaba ɗaya. To ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu ba ka shirya ba, jikinka ya yi baya, hannun dama ya murɗo totur ba da saninka ba. Babur ya zabura, ya ƙara jefa ka baya, kai kuma ka ƙara ƙanƙame abin da ke hannunka, wato totur ɗin. A kan Boksa wannan kuskuren ƙara kawai zai sa inji ya yi, ka ji kunya, 'yan bakin titi su yi dariya. A kan R6 kafin ka gane me ke faruwa kana cikin shagon mutane.

Sai birki, wanda ni shi ya kayar da ni. A 2014 ne, da la'asar sakaliya, ina kan wani 600 da na saya wata biyu kafin nan, bayan shekaru ina hawan ƙaramin babur ina ganin babu abin da ya rage mini in koya. Gudun da nake yi bai kai 50 ba. Mai adaidaita sahu da ke gabana ya hango fasinja a ɗaya hannun, ya karyo kai ba sigina ba komai. Na damƙe birkin gaba da yatsu huɗu, yadda na saba damƙar na ƙaramin, wanda sai ka matse shi har ƙarshe kafin ya san kana yi. Akwai ɗan yashi a wurin, bai fi a share da tsintsiya sau biyu ba. Ban san lokacin da na faɗi ba, sai ganina na yi a kwance ina kallon tayar adaidaita, babur ɗin yana can gaba yana jan ƙasa da gefensa yana tartsatsi. Ƙashin kafaɗa ya karye, fatar gwiwa ta tafi, na yi mako bakwai hannu a rataye ina sallah a zaune. Mai adaidaita ya yi laifi, amma ba shi ya kayar da ni ba, ko taɓa ni bai yi ba.

Dalilin faɗuwar a fili yake. Birkin gaba na irin waɗannan babura faranti biyu ne manya, yatsa biyu sun isa su ɗaga tayar baya sama. Ƙa'idarsa ita ce ka fara matsawa kaɗan, nauyin babur ya gangaro gaba ya danne tayar a ƙasa, sannan ka ƙara matsi. Duk wannan a cikin rabin daƙiƙa ake yinsa. In ka fizge shi lokaci ɗaya, tayar za ta kulle tun nauyi bai sauko mata ba, ta zame, kai kuma sai ƙasa. Na'urar ABS, wadda take hana taya kullewa, ita ce take yafe wa mutum wannan kuskuren, kuma R6 bai samu ABS ba sai a ƙirar 2017. Na 2008 ba shi da ita, ba shi kuma da na'urar da take hana tayar baya sulɓewa idan totur ya yi yawa. Tsakaninka da kwalta babu kowa sai yatsunka.

Ba na raina abin da Boksa ta koya maka. Wanda ya ratsa cunkoson Kano a kan babur ya san karatun hanya: ya san motar da za ta buɗe ƙofa, ya san mai kurar ruwa ba ya waiwaye. Wannan ilimi ne mai tsada. Amma ta koya maka halaye biyu da za ka kwance: murɗe totur har ƙarshe don ka san babu abin da zai faru, da taka birkin baya a matsayin babban birki. A kan babur na tsere, idan aka taka birki da ƙarfi, kusan duk aikin tsayawa tayar gaba ce take yinsa, ta baya shafar ƙasa kawai take yi.

Mu da muka tashi muna kallon hawan sallah mun san wannan tun kafin zuwan babur. Ba a ɗora yaron da ya fara kilisa jiya a kan ingarman da ake sukuwa da shi, ko da ya fi kowa ladabi a gidan. Dokin ba ladabi yake ji ba, linzami yake ji.

## Abin da bincike ya nuna

A 1981 wani malami a Jami'ar Kudancin Kalifoniya mai suna Harry Hurt ya fitar da sakamakon binciken haɗarin babur 900 da shi da abokan aikinsa suka bi diddigi a Los Angeles. Binciken ya tsufa, amma har yau ana komawa gare shi. Sun gano cewa fiye da rabin waɗanda suka yi haɗarin ba su kai wata biyar a kan babur ɗin da suka faɗi da shi ba, kuma kashi 92 cikin ɗari da kansu suka koyi tuƙi ko wajen 'yan'uwa da abokai. Lokacin da mahayi yake samu tsakanin ganin haɗari da aukuwarsa bai cika daƙiƙa biyu ba. Yawancinsu sun danne birkin baya har taya ta ja, na gaba kuma ba su yi amfani da shi yadda ya kamata ba. Haɗarin da ya fi yawa shi ne mota ta karyo hagu ta gaban babur, direba ya ce bai gan shi ba. Mu ma hannun dama muke bi tun 1972, saboda haka wannan karyowar ita ce tamu a kowace mahaɗa.

A 2007 kuma cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta ce yawan mace-macen masu hawan irin wannan ajin na R6 ya kusa ninka na sauran babura sau huɗu. Gaskiya ba duka laifin babur ba ne, domin matasa masu zafin jini su suka fi sayensa. Amma kai ma matashi ne, kuma abokan da suke ba ka shawara su za ka riƙa fita da su.

Shi ya sa ƙasashen Tarayyar Turai suka yi wa lasisin babur matakala. Tun daga Janairun 2013, ɗan shekara 18 lasisin A2 yake samu, wanda ya tsaya a kilowat 35, kimanin ƙarfin doki 47. Sai ya yi shekara biyu a kansa, ko ya kai shekara 24, kafin a ba shi na kowane babur. A Najeriya lasisin babur aji ɗaya ne, ajin A, ba ruwansa da ƙarfin inji. Tunda hukuma ba ta gina maka matakalar ba, kai za ka gina wa kanka.

## Batun na hannu

Ko da a ce kai tsohon hannu ne, da sai na ce ka dakata a kan wannan babur ɗin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da yawa daga manyan baburan da ake shigo da su daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka suke fitowa, wato sun yi haɗari an biya mai su, an sayar da gawar. Ana isowa a sa masa sabuwar roba ta bodi, a fesa fenti, ya fito kamar amarya. Fenti fes a kan babur na 2008 ni ba ya burge ni, tambaya yake sa ni.

Kwanakin baya wani yaro ya kawo mini irinsa in duba masa kafin ya biya. Daga nesa ba ka da abin cewa. Na durƙusa da tocila na leƙa ƙarƙashin wuyan babur, inda wani ɗan ƙarfe yake tare kan kada ya juya ya bugi tanki. An yi masa walda an shafe da baƙin fenti. Wannan ƙarfen ba ya karyewa sai kan babur ya bugu da ƙarfin gaske. Na duba gefen taya, inda ake buga lamba huɗu ta ranar ƙira, na ga 1913, wato mako na 19 na shekarar 2013. Zanen tayar bai cinye ba, amma robar ta bushe ta yi tauri kamar tafin takalmi. Da na ɗaga gaban na juya kan a hankali, sai na ji yana sarƙewa a tsakiya. Dillalin yana tsaye yana ta rantsuwa cewa wata tsohuwa ce take zuwa coci da shi a can.

In za ka duba kowane babur na hannu, ka je da sassafe ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Ka duba ƙarshen hannu da matakin ƙafa da gefen inji ko akwai gurzuwa, ka duba sandunan gaba ko suna tsiyayar mai. In ka ga an huda kawunan kusoshi da ƙananan ramuka, alama ce an yi tsere da shi, don a filin tsere ake ɗaure su da waya. Lambar jikin babur mai harafi da lamba 17 da ke wuyansa ta dace da ta takardun kwastan, harafi da harafi. Kuma ka je da makanikinka, ba na dillali ba.

Sannan kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗin. Tayar baya mai lamba 180/55 ba a kowane shago ake samunta ba, kuma a hannuna ba ta cika wuce kilomita 6,000 zuwa 8,000 ba. Littafin babur ɗin ya ce fetur mai oktan 95 yake so, ba na galan ɗin 'yan bumburutu ba. Wajen kilomita 40,000 ana buɗe kan inji a auna bawul goma sha shida, aikin da ba kowane mai gyaran acaɓa zai taɓa ba, kuma da wuya ka san ko an taɓa yi masa. Faɗuwa ɗaya a tsaye, a ƙofar gida, tana iya fasa roba da madubi da hannun kuloci, ka zauna jiran kaya daga Legas ko daga waje da kuɗin dala. Kuma za ka kayar da shi, kowa yana kayar da babur ɗinsa na farko. Kujerarsa santimita 85 ce daga ƙasa, kansa ba ya juyawa sosai, juyowa a lungu kaɗai jarrabawa ce.

Ga zafi. Injin yana son iska ta riƙa dukan lagireto. A cunkoson watan Afrilu, rana ta haura 40, fanka za ta yi ta aiki tana hura maka wuta a cinya, kana giyar farko kana wasa da kuloci, wuyan hannu yana ciwo. Babu wani daɗi a ciki.

## To me za ka saya

Nemi babur mai ƙarfin doki 30 zuwa 47, mai nauyi ƙasa da kilo 190, wanda ƙafafunka biyu suke taka ƙasa a kansa, kuma in da hali mai ABS. In siffar tsere ce take burge ka, Yamaha R3 mai inji 321 da Kawasaki Ninja 300 ko 400 suna da ita, wanda bai sani ba ba zai bambance su da manyan ba. Akwai KTM 390 Duke, wanda a masana'antar Bajaj a Indiya ake haɗa shi, akwai Honda CB500F da aka yi shi daidai da iyakar lasisin A2. Ni na fi son wanda ake zama a miƙe a kansa, don ka fi ganin hanya. Wannan ma na hannu za ka nema, mai ɗan tabo a jiki, wanda in ya faɗi ba za ka yi kuka ba.

Maganar abokanka cewa za ka gaji da shi a wata uku, ka tambaye su me suke nufi. Ninja 400 yana wuce gudun 160, ya fi yawancin motocin da ke titi zabura. Wanda ya ce ya gaji da shi, miƙaƙƙiyar hanya kawai ya iya, ya murɗe totur ya ga ƙarshensa. Bai gwada tsayawar gaggawa ba, bai iya kwana ba. Kuma ƙananan nan ba sa kwantai, in ka tashi sayarwa bayan shekara ɗaya ko biyu akwai wani sabon mahayin yana jira.

Daga kuɗin da ka tanada ka fara cire na kayan kariya kafin na babur. Hular kwano mai rufe haɓa, sabuwa, mai tambarin gwajin inganci na Turai (ECE) ko na Amurka (DOT), ba irin ƙoƙon da wasu suka riƙa kifawa a ka ba lokacin da jami'an kiyaye haɗurra suka fara kamen hula a Janairun 2009. Bitar bincike da aka yi a 2008 ta nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Sai safar hannu, da riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, akwai mai raga-raga saboda zafi, da takalmi mai rufe idon sawu. Silifa da jallabiya ba kayan hawa ba ne.

Sannan ka samu fili da ba kowa, da safiyar Asabar ko Lahadi, da wani tsohon mahayi mai haƙuri. Ka jera robobin ruwa. Ka yi ta tsayawa daga gudun 30, sannan 40, sannan 60, kana auna inda ka tsaya, har yatsunka su daina fizga. Ka tuna idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa, kuma a gudun 100 kana cin mita 28 a kowace daƙiƙa tun kafin hannunka ya kai ga birki. Ka koyi zagaye mai siffar 8 ba tare da sauke ƙafa ba, ka koyi kallon inda kake son zuwa maimakon abin da kake tsoro, domin babur inda ido ya kafe nan yake nufa. Wata shida na farko ba goyo, ba tafiyar dare a babbar hanya, ba bin ayarin abokai.

Ban ga wannan R6 ɗin da idona ba, ban kuma ga hawanka ba, saboda haka mai yiwuwa lafiyayye ne, mai yiwuwa kuma hannunka ya fi nawa saurin koyo. Na san mutanen da suka fara da 600 suka tsira lafiya, za ka ji su suna faɗa a majalisa. Waɗanda ba su tsira ba ba sa zuwa majalisar, shi ya sa lissafin abokanka yake fitowa da kyau. Ka yi shekara ɗaya cur a kan ƙaramin, damina da rani, ka ci kamar kilomita 10,000. Ranar da akuya ta faɗo maka a kan yashi ka tsaya cak, sai daga baya ka tuna ashe birki ka kama, ka neme ni mu je duba 600 tare. Ka taho da tocila.